Yadda Ake Ƙara wa Jirgin Ƙasa na Cikin Gari Ƙarfin Ɗaukar Fasinja a Ƙwaryar Birni

Layin jirgin ƙasa na cikin gari ba ya cika gaba ɗayansa lokaci guda. Wuri ɗaya ne ke fara shaƙewa, kuma kusan kullum a ƙwaryar birni yake: inda layuka biyu ko uku suka haɗu suka hau dogo ɗaya, ko tashar da ma'aikata ke sauka da safe, ko wata mahaɗar titi da jirgi ke tsayuwa yana jiran danja. Komai faɗin bakin mazurari, abin da wuyansa ya bari shi ke wucewa. Aikin mai tsarawa shi ne ya gano wannan wuya, ya auna shi da lamba, sannan ya bi gyare-gyare daga mai araha zuwa mai tsada. Sau da yawa za ka ji ana maganar haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa alhali ba wanda ya taɓa tsayawa da agogo a bakin dandamali.

Jirgin da ake magana a kansa shi ne mai aiki da lantarki, mai gajerun taragu, wanda a tsakiyar gari yake raba titi da motoci da masu tafiya a ƙasa, irin na Manchesta a Ingila, da Kalgari a Kanada, da Dablin a Ailan, da kuma wani ɓangare na layin Addis Ababa. Na Abuja da na Legas kowanne da keɓaɓɓiyar hanyarsa, don haka batun danja bai shafe su ba, amma lissafin tasha da na juyawa da na yawan taragu duk ɗaya ne.

Mataki na farko: ƙirga mutane a inda suka fi yawa

Adadin fasinjan da layi ke ɗauka a yini na jawabin bikin buɗewa ne, ba ya gina komai. Lambar da ake aiki da ita ita ce yawan mutanen da ke cikin jirage a tsakanin tashoshi biyun da suka fi cika, a ɓangare ɗaya (zuwa ko dawowa), cikin awar da ta fi cunkoso. Galibi wannan wurin yana daf da shiga ƙwaryar birni, kafin tasha ta farko da mutane ke fara sauka.

Sa masu ƙirga a kowace ƙofa, ko ka yi amfani da na'urar ƙirga ta saman ƙofa idan taragun na da ita, amma ka gwada ta da ƙirgar hannu tukuna. A yi ƙirgar a ranakun tsakiyar mako, lokacin da makarantu ke buɗe, aƙalla kwana uku, sannan a ƙara da ranar da gari ke da nasa cunkoso na daban, kamar ranar kasuwa ko ranar wasan ƙwallo. A raba ta minti goma sha biyar-biyar. Dalili kuwa, cunkoso ba ya bazuwa daidai cikin awa. A ce ka ƙirga mutum 1,900 tsakanin bakwai da takwas na safe, amma 600 daga cikinsu sun wuce ne tsakanin bakwai da rabi da takwas saura kwata. To layinka yana bukatar ƙarfin 2,400 a awa, wato 600 sau huɗu.

Akwai waɗanda ƙirgar cikin jirgi ba ta gani: waɗanda aka bari a dandamali don babu wuri, da waɗanda suka gaji da jira suka koma bas ko tasi. Na farkon a ƙirga su a tasha. Na biyun sai an tambayi mutane a tashoshin motar da ke bin hanya ɗaya da layin. Da zarar an ƙara jirage sukan dawo, kuma su ne ke sa sabon ƙari ya cika tun kafin shekara ta zagayo.

Daga nan sai hasashe. Idan fasinja na ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a shekara, 2,400 ɗin nan za ta kai kusan 3,900 cikin shekara goma, ta ninka cikin shekara goma sha huɗu. Kada ka tsaya kan ƙaruwar jama'ar gari kawai. Je ofishin tsara birane ka duba takardun izinin gini na unguwannin da ke kewaye da tashoshi, domin bene ɗaya na ofisoshi ko sabuwar kasuwa a bakin tasha ya isa ya sauya lissafin tashar baki ɗaya.

Mataki na biyu: san ainihin abin da layin ke iya ɗauka yanzu

Lissafin ba shi da wuya: yawan jirage a awa, sau yawan taragu a kowane jirgi, sau yawan mutane a tarago. Inda ake yaudarar kai shi ne lamba ta uku. Tarago mai tsawon mita 28 zuwa 30 da faɗin mita 2.65 yana ɗaukar kimanin mutum 200 idan aka lissafa mutum huɗu a tsaye kan kowane murabba'in mita. Kamfanonin ƙera taragu sukan ba da lamba ta mutum shida, har takwas, a murabba'in mita. Wannan lambar ta gwajin ƙarfin birki da gatari ce. Idan aka cusa mutane haka, sauka da hawa kan ɗauki lokaci ninki biyu, jirgin baya ya tarar da na gaba, abin da aka samu a cushe a rasa shi a jinkiri. Yi tsari da huɗu. Sannan ka rage kashi 20 cikin ɗari, saboda mutane ba sa rarrabuwa daidai: taragon da ke tsayawa kusa da matakala kullum ya fi cika, haka jirgin da ya zo a makare.

Saboda haka tarago ɗaya duk minti shida, wato jirgi goma a awa, yana ba da 2,000 a takarda, 1,600 a aikace. Taragu biyu a haɗe 3,200. Taragu biyu duk minti uku 6,400.

Addis Ababa misali ne da ya kamata kowa ya duba. An fara buɗe layin a watan Satumba na 2015, layuka biyu, tashoshi 39, jirage 41, kuma an yi ta ambaton cewa zai ɗauki mutum 15,000 a awa a kowane ɓangare. Ko da an cusa mutum 300 a kowane jirgi, sai jirgi hamsin sun wuce wuri ɗaya cikin awa kafin a kai wannan lamba, alhali dukkan jiragen da aka sayo ba su kai hamsin ba. Bayan 'yan shekaru kuma rashin kayan gyara ya ajiye da yawansu a gareji. Dogo da dandamali suna nan garau, jirgin hawa ne babu. Don haka kafin ka zana komai, shiga gareji da asuba ka ƙirga taragu nawa suka fita aiki cikin waɗanda ke rajista. Idan rabi ne, ƙarin da ya fi kowane araha shi ne kwangilar kayan gyara da horar da makanikai.

Mataki na uku: bi layin da agogo ka nemo inda ya shaƙe

Wurare biyar ne ke iyakance tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi: tashar da aka fi daɗewa a tsaye, mahaɗar titi mai danja, mahaɗar dogo inda layuka ke gittawa, yankin da dogo ɗaya ne ake bi zuwa da dawowa, da tashar ƙarshe inda jirgi ke juyawa. A auna kowanne daban. Wanda ya ba da tazara mafi tsawo shi ne iyakar layin, sauran ko an gyara su ba abin da zai ƙaru.

Na dogo ɗaya ya fi sauƙin lissafi. Mita 600 a gudun kilomita 30 a awa sakan 72 ne. Ƙara sakan 20 na sauya dogo da sakin sigina, ka ninka biyu saboda zuwa da dawowa: minti uku ke nan da 'yan sakanni, ba tare da ko ɗan rarar jinkiri ba. Layin da ke da irin wannan yanki ba zai riƙe tazarar da ta gaza minti biyar cikin natsuwa ba.

Sannan a duba yadda rassa ke taruwa. Layuka uku, kowanne da jirgi duk minti shida, idan suka hau dogo ɗaya a tsakiyar gari sun zama jirgi talatin a awa, ɗaya duk minti biyu. A unguwa fasinja na kukan jirgi ya yi kaɗan, a tsakiyar gari kuma babu inda za a saka ƙari. A Kalgari layuka biyu ne ke raba titin 7th Avenue. A Addis Ababa layukan biyu suna raba kimanin kilomita 2.7 na gadar sama a tsakiyar birni. A Fotlan ta Amurka gada ɗaya, Steel Bridge, ita ce mashigar yawancin layukan.

Mataki na huɗu: rage tsayuwa a tasha

Nan ne ake samun riba mai yawa da kuɗi kaɗan, kuma nan aka fi sakaci.

Ka tsaya a tashar da ta fi cika ka rubuta lokaci huɗu ga kowane jirgi: sanda ƙafa ta tsaya, sanda ƙofa ta buɗe, sanda mutum na ƙarshe ya shiga, da sanda jirgi ya motsa. Yi wa jirgi hamsin ko fiye. Matsakaicin lokaci ba shi ne abin dubawa ba, ka duba mafi munin ɗaya cikin goma, domin shi ne ke haddasa jerin gwano. Idan jirgi ya makara da minti ɗaya, zai tarar da ƙarin mutane a tasha ta gaba, ya ƙara daɗewa, na bayansa kuma ya tarar da dandamali wayam ya yi sauri. Kafin su fita ƙwaryar birni sun manne da juna, na gaba a cushe, na baya da kujeru babu kowa.

Idan daben tarago daidai yake da dandamali, mutum ɗaya na wuce ƙofa cikin kimanin sakan biyu, kuma ƙofa mai faɗi tana ɗaukar sahu biyu. A ce mutum 60 ne za su sauka su hau ta ƙofofi huɗu, kuma ƙofar da ta fi cika ta ɗauki 20: sakan 20 ke nan, da kimanin sakan 8 na buɗewa da rufewa, jimla sakan 28. Amma idan an ce kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya ya biya kuɗi ko a duba masa tikiti, mutum 40 a sakan uku da rabi kowanne sun cinye sakan 140. Ba wani sigina na zamani da zai rama wannan asarar.

Gyaran farko ke nan: a fitar da biyan kuɗi daga bakin ƙofa. A sayi tikiti ko a taɓa kati a dandamali, a shiga ta kowace ƙofa, masu duba tikiti su riƙa shiga ba zato. Masu kula da kuɗin shiga za su yi ƙorafin masu hawa a ɓagas, kuma suna da gaskiya, sai dai albashin masu dubawa bai kama ƙafar kuɗin sabon tarago ba. Kalgari ta wuce nan ma, ta mai da hawa kyauta a tsakanin tashoshin 7th Avenue.

Na biyu, a rarraba mutane a tsawon dandamali. Idan mashiga ɗaya ce a ƙarshe ɗaya, kowa a nan zai tsaya. A buɗe mashiga ta biyu a ɗaya ƙarshen, a shimfiɗa rumfa har ƙarshen dandamali, domin a garin rana ko na ruwan sama inda inuwa take nan mutane suke. A ɗauke injin tikiti da kujeru da allon talla daga gaban ƙofofi. A zana a ƙasa inda ƙofa za ta tsaya, a bar tsakiya ga masu sauka. A cikin tarago, cire kujeru biyu ko huɗu na kusa da ƙofa yana sa mutane su matsa ciki maimakon su toshe baki. A lokacin cunkoso direba ya buɗe dukkan ƙofofi da kansa, kada a jira fasinja ya danna maɓalli. Kuma kada a yi canjin direbobi a tashar tsakiyar gari, a kai shi ƙarshen layi ko tashar da ke da dogo na uku.

Akwai kuma batun yawan tashoshi. Tashoshin da ke tsakanin mita 200 da juna a tsakiyar gari suna cinye lokaci ba tare da kawo sabon fasinja ba, tunda kowace tsayuwa tana cin abin da ya kai sakan 40 zuwa minti ɗaya idan aka haɗa da rage gudu da tashi. Fotlan ta rufe wasu tashoshinta na tsakiyar gari a 2020 saboda haka. Sai dai a yi hattara: mutanen tashar da aka rufe za su koma ta kusa, idan ita ce dama mai cunkoson, an ƙara matse wuyan ne.

Mataki na biyar: danja da mahaɗa

A kan titi jirgi ba ya wucewa sai danja ta ba shi hannu. Idan zagayen danja, wato daga wannan kore zuwa na gaba, sakan 90 ne, sau 40 take ba da hannu a awa, amma ba za ka samu jirgi 40 ba, domin wanda ya makara da sakan biyar sai ya jira zagaye guda cur, na bayansa kuma ya tsaya a gindinsa. Ƙa'idar da aka saba farawa da ita ita ce jirgi ɗaya a kowane zagaye biyu, wato 20 a awa. Ana iya wuce haka, amma sai da aiki.

Abin da ake yi shi ne a sa na'urar da ke sanar da danja cewa jirgi na tafe, tun yana nesa da mita 150 zuwa 300, ta tsawaita masa kore ko ta gajarta masa ja. Idan tasha tana gab da mahaɗa, a mayar da ita bayan mahaɗar in da hali, domin danja ba ta san sanda mutum na ƙarshe zai shiga ba, sai ta ba da kore jirgi na lodi, ta koma ja sanda ya shirya. Inda ba za a iya matsar da tashar ba, a haɗa kiran danja da rufewar ƙofa. A hana motoci yin kwanar da ke gitta dogo a manyan mahaɗu, wannan kaɗai yana cire kashi guda daga zagayen danja. A gajarta zagayen kansa zuwa sakan 60 ko 70 idan faɗin titin ya bar masu tafiya a ƙasa su tsallaka a ciki.

Wani abu da ba a cika faɗa wa shugabanni ba: fifikon danja yana aiki sosai ne idan jirage ba su yi yawa ba. Da zarar sun kai ɗaya duk minti biyu a kowane ɓangare, kusan kowane zagaye akwai mai neman hannu, titin da ke gittawa ya mutu. A nan sai a koma tsayayyen jadawalin danja wanda aka daidaita da gudun jirgi daga tasha zuwa tasha, a kuma tsara jirage masu zuwa da masu dawowa su gitta mahaɗa a lokaci ɗaya. Kuma tun ranar farko a zaunar da hukumar da ke riƙe da danjojin gari a teburin, don ba a hannun hukumar jirgi suke ba.

Motar da ta shiga mahaɗa ta tsaya kan dogo tana ɓata duk wannan. Fenti a ƙasa ba ya hana ta. Dakali mai tsayin santimita 10 zuwa 15 a gefen dogo, da kyamara, da tara mai zafi, su ke hanawa. Mafi inganci shi ne a fitar da motocin gida daga titin gaba ɗaya kamar yadda Kalgari ta yi. Siyatil ta Amurka ma ta fitar da bas-bas daga hanyarta ta ƙarƙashin ƙasa a watan Maris na 2019 ta bar wa jirgi shi kaɗai.

A mahaɗar dogo kuwa, kwana mai tsanani, wadda da'irarta ke da mita 25 daga tsakiya zuwa baki, tana tilasta wa jirgi tafiyar da ba ta wuce kilomita 15 a awa ba, kuma dogon jirgi ya fi daɗewa kafin wutsiyarsa ta fita. Wani lokaci maganin ba gini ba ne, sauya haɗin rassa ne, ta yadda layukan da ke gitta juna za su ragu.

Mataki na shida: tsawaita jirgi

Idan tazara ta kai iyaka, abin da ya rage shi ne kowane jirgi ya ɗauki ƙari. Direba ɗaya ne, hannun danja ɗaya ne, mutane ninki biyu. Kalgari ta tsawaita dandamalinta daga taragu uku zuwa huɗu, ta fara gudanar da masu huɗu a ƙarshen 2015, ƙarin kashi ɗaya cikin uku ba tare da sabon dogo ba. Manchesta tana haɗa taragunta masu mita 28 bibbiyu a layukan da suka fi cika.

Kafin a yi odar ko tarago ɗaya, a ɗauki tef a auna tsakanin kowace mahaɗa da ta gaba a ƙwaryar birni. Jirgin da ya tsaya dole ya shige tsakanin tituna biyu ba tare da wutsiyarsa ta toshe na baya ko mashigar masu tafiya a ƙasa ba. A Fotlan tsakanin titi da titi mita 61 ne kacal, shi ya sa jiragenta ba sa wuce taragu biyu. Dablin ta kawo jirage masu mita 55 a 2018, sun fi gadar O'Connell tsawo, sai ya zama idan mota ta tare gaba, wutsiyar jirgin ta rage a mahaɗar baya ta tsayar da titin bakin kogi. Sai da aka sake tsara danjojin wurin.

Dandamali ya fi jirgi tsawo da aƙalla 'yan mitoci don kuskuren tsayawa, kuma ya kasance a miƙe, domin a kan kwana rata na buɗewa tsakanin ƙofa da dandamali. A duba hanyar fita daga tasha kuma. Ma'aunin da hukumar sufurin Landan ke aiki da shi ya ba matakala mai hawa da sauka mutum 28 a minti a kowace mita ta faɗi, matakala mai lantarki mutum 100, ƙofar tikiti mutum 25. Idan dogon jirgi ya sauke mutum 150 a tashar sama mai matakala ɗaya ta mita biyu, kusan minti uku za a yi kafin dandamali ya washe. In tazara minti biyu ce, jirgi na gaba zai juye nasa a kan ragowar na farko, kuma daga nan abin ya tashi daga jinkiri ya koma haɗari.

Wuta, gareji da yawan taragu

Yawancin layukan nan suna jan wuta bolt 750 daga wayar sama, da ƙananan tashoshin wuta kowace kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu. Jirgi mai taragu biyu yana jan ninkin wutar mai ɗaya, kuma idan uku ko huɗu suka tashi lokaci guda a tsakiyar tashoshin wuta biyu, ƙarfin kan faɗi. Ƙa'idar Turai ta yarda ya sauka har 500, ƙasa da haka jirgi ya rasa ƙarfin tashi ko wuta ta katse. A gwada sabon jadawalin a kwamfuta, sannan a sake gwadawa an kashe tashar wuta ɗaya, domin ranar da taransifoma za ta lalace tana nan tafe. Magani shi ne ƙarin tashar wuta ko ƙarin kebul a gefen wayar sama. Filin tashar wuta a tsakiyar gari wuyar samu gare shi, kuma odar taransifoma kan ɗauki lokaci mai tsawo, don haka da wannan ake fara nema. Ƙarin wuta kuma yana ƙara wadda ke zurarewa daga dogo zuwa ƙasa tana cin bututun ruwa na ƙarfe, a auna wannan tare da hukumar ruwa.

Yawan jirage kuwa, a raba lokacin zagaye da tazara. Zuwa da dawowa minti 72, da hutun juyawa minti 12, jimla 84. A tazarar minti shida jirgi 14 ke nan, masu taragu biyu taragu 28, da rarar kashi 15 cikin ɗari na gyara su zama 33. Duba abin da matakai na huɗu da na biyar suka saya maka: minti shida da aka rage daga zagaye ya mai da 14 zuwa 13, taragu biyu sun fito kyauta.

Kowane sabon tarago yana bukatar wurin kwana, da ramin dubawa, da injin gyaran ƙafa. Garejin da aka gina don tarago ɗaya-ɗaya zai sa a riƙa kwance jirage da dare ana haɗawa da asuba. A tashar ƙarshe kuma, dandamali biyu da dogon tsallake mai siffar almakashi a gabansu sun isa tazarar minti huɗu zuwa biyar. Ƙasa da haka a shimfiɗa dogo a bayan tasha inda jirgi zai shiga ya juyo, a kuma ajiye direba na jira wanda zai karɓi jirgin nan take. Idan cunkoson na tsakiyar layi ne kawai, a gina dogon ajiya a inda fasinja ke raguwa, rabin jirage su riƙa juyowa daga nan.

Mataki na ƙarshe: hanya ta biyu, ko ƙarƙashin ƙasa

Idan an yi duk waɗannan kuma hasashen shekara goma zuwa goma sha biyar ya nuna za a wuce abin da jirgi 24 zuwa 30 a awa masu iyakar tsawo za su ɗauka, lokacin babban gini ya yi.

Manchesta ta fara aiki a 1992 da hanya ɗaya tak ta ratsa tsakiyar gari. Da rassa suka yawaita, ba ta shiga ƙasa ba, ta shimfiɗa hanya ta biyu a kan titi, kilomita 1.3 daga St Peter's Square ta Cross Street da Exchange Square zuwa tashar Victoria, a kan kimanin fam miliyan 165, aka buɗe ta a Fabrairun 2017. Los Anjalas ta zaɓi rami: kimanin kilomita uku da tashoshi uku, a kan abin da ya kai dala biliyan 1.8, aka buɗe a Yunin 2023. Karlsruhe ta Jamus ta fara haƙa nata a 2010, ba a shiga ba sai Disambar 2021. Rami yana kawar da danja da iyakar tsawon da mahaɗun titi ke sa wa jirgi, amma tsadarsa da shekarunsa na nufin dole a yi ƙananan gyare-gyaren ko da an yanke shawarar haƙa shi, don da su za a rayu kafin a gama. Hanya ta biyu a kan titi tana da wata fa'ida da ba ta fitowa a lissafin fasinja: ranar da mota ta mutu a kan dogo ko aka rufe titi don taro, akwai inda za a karkatar da jirage.

Abin da ke ƙarƙashin titi shi ke cinye lokaci da kuɗi. A aikin Manchesta an ci karo da tsohuwar maƙabartar coci a Cross Street, sai da aka kwashe gawawwaki fiye da ɗari biyu aka sake binne su, an kuma tarar da tsohuwar magudanar ruwa da ta rufta. Taswirar bututu da kebul ta tsohon gari ba abin dogaro ba ce. A haƙa ramukan gwaji a kowace mahaɗa kafin a sa hannu a kwangila, a kuma ba da aikin matsar da bututu da wayoyi a matsayin kwangila ta daban da za ta riga shimfiɗa dogo.

Tsarin yadda layin zai ci gaba da aiki lokacin gini shi ma ɓangare ne na zane. An rufe tashar St Peter's Square wata goma sha huɗu, daga tsakiyar 2015 zuwa Agustan 2016. A yawancin lokacin jirage na ratsa wurin a kan dogo ɗaya ba tare da tsayawa ba, aka ajiye rufewar gaba ɗaya ga lokacin bazara sanda fasinja ke raguwa. Duk wanda zai yi irin wannan ya koma lissafin dogo ɗaya na mataki na uku ya fitar da jadawalin wucin gadi, ya tanadi bas na maye gurbi, ya kuma zauna da masu shagunan titin a kan hanyar sauke kaya tun kafin a kafa shinge.

Kafin a amince da zanen ƙarshe, a sake bin layin a takarda daga wannan ƙarshe zuwa wancan da sabon adadin jirage, domin matsin da aka cire daga wuri ɗaya yakan koma na kusa da shi. A Manchesta hanyoyin biyu na tsakiyar gari suna komawa su haɗu a kudu, layukan wannan ɓangare duka suna bi ta tashoshin Deansgate-Castlefield da Cornbrook. An ƙara wa Deansgate-Castlefield dandamali na uku, amma har yanzu wannan yankin ne ke ƙayyade yawan jiragen da za su shigo daga kudu da yamma.